Dajin Ratayayyu: Neman Wani Tsohon Fim na Romaniya

Akwai wani fim da muka daɗe muna jin sunansa a bakin masu nazarin tarihin sinima, amma ba mu taɓa sa shi a ido ba. Na ƙasar Romaniya ne, baƙi da fari, an fara nuna shi a 1965, kuma a wannan shekarar ce daraktansa, Liviu Ciulei, ya karɓi kyautar gwarzon darakta a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa. Sunansa da harshen Romaniya Pădurea spânzuraților, wato Dajin Ratayayyu. Muka ce tunda yau duniya tana tafin hannu, ai ba zai wuce mu danna waya bayan sallar isha'i mu kalla ba. Sai da muka shafe kwanaki muna nema.

Cikas na farko daga sunan ya taso. A tsakanin 1953 da 1993, ƙa'idar rubutun Romaniya ta sa ana rubuta wani wasali da harafin î a tsakiyar kalma, bayan nan kuma Cibiyar Masana ta ƙasar ta dawo da tsohon harafi â. Don haka a takardun tallar fim ɗin na lokacin an rubuta spînzuraților, a littattafan yau kuma spânzuraților. Masu ɗora shi a intanet da yawa ba sa sa waɗannan alamomi gaba ɗaya, sai su rubuta Padurea spanzuratilor. Masu Ingilishi suna kiransa Forest of the Hanged, Faransawa kuma La Forêt des pendus. Fim ɗaya, sunaye biyar, kowanne da inda yake kai mai nema. Duk wanda ya taɓa neman kalmar Hausa mai ƙ ko ɗ a waya ya san irin wannan wahala.

Da muka same shi kuma, sai ga wata matsalar. Kwafin farko babu fassara ko ɗaya. Na biyu an yanyanka shi, wani yanki ya ɓace. Na uku fassarar na'ura ce, wadda takan mai da maganar soja ta koma kamar sambatun mai zazzaɓi. A cikin wannan jira ne muka koma karanta tarihin da ya haifi fim ɗin, muka gane cewa wanda bai san tarihin ba, ko an fassara masa kowace kalma, rabin abin zai wuce shi.

Ƙasa ɗaya, harsuna goma sha

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yankin Transilbaniya, wanda yau yake tsakiyar Romaniya, yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Tun 1867 aka raba mulkin daular gida biyu, sarki ɗaya amma gwamnati biyu, ɗaya a Biyana ɗaya a Budapest, Transilbaniya kuma ta faɗa a ɓangaren Hangari. Fiye da rabin mutanen yankin Romaniyawa ne, akasarinsu manoma, amma mulki da manyan gonaki da harshen ofis suna hannun wasu. Gwamnatin Budapest ta yi ta matsa lamba a mai da harshen Hangari harshen makaranta da kotu.

A 1892 shugabannin Romaniyawan yankin suka rubuta takardar koke, suka ɗauka har Biyana don su miƙa wa Sarki Franz Joseph. Sarkin bai karanta ba, aka tura takardar Budapest, daga can aka mayar musu da ita a rufe. Da suka buga ta don jama'a su karanta, sai aka gurfanar da su a kotu a birnin Cluj a 1894, aka ɗaure da dama daga cikinsu. A riƙe wannan shari'a, domin za ta sake ɓullowa a labarin.

Rundunar daular tattare take da Jamusawa, Hangariyawa, Cekawa, Polawa, Yukreniyawa, Sabiyawa, Italiyawa, Romaniyawa da sauransu. Ana ba da umarni da Jamusanci, ana zagi da addu'a kowa da harshen uwarsa. Muddin ana zaman lafiya, tsarin yana tafiya. Da yaƙi ya ɓarke bayan kisan Yarima Franz Ferdinand a Sarayebo ranar 28 ga Yuni 1914, sai ya zama an tura Basabiye ya harbi Basabiye, Ba'italiye ya harbi Ba'italiye, domin 'yan'uwansu suna zaune a ƙetaren iyaka ƙarƙashin wata tuta.

Romaniyawan Transilbaniya sun samu sararin shekara biyu, domin masarautar Romaniya mai babban birni a Bukarest ba ta shiga yaƙin ba da farko. Ranar 27 ga Agusta 1916 ta shiga a ɓangaren Ingila da Faransa da Rasha, bisa alkawarin za a ba ta Transilbaniya, sojojinta kuma suka haura duwatsun Karpatiya. Daga ranar, duk Baromaniye mai kakin daular ya shiga halin gaba kura baya sayaki. In ya yi harbi, ɗan'uwansa ya harba. In ya ƙi, ko ya tsallaka, hukuncinsa kisa.

Ƙanin marubuci

Liviu Rebreanu, wanda ya rubuta littafin da aka yi fim ɗin da shi, an haife shi a 1885 a ƙauyen Târlișua da ke arewacin Transilbaniya. Shi ne babba cikin 'ya'ya 14 na wani malamin makarantar ƙauye. Ya yi makarantar hafsoshi a Budapest, ya sa kakin daular, amma ya ajiye aikin a 1908, ya ƙetara duwatsu zuwa Bukarest a 1909 don ya yi aikin jarida da rubutu da harshensa.

Ƙaninsa Emil, haifaffen 1891, ya shiga soja a 1914. Ya yi yaƙi a fagen Rasha da na Italiya, ya samu raunuka, aka ba shi lambar jarumta, ya zama ƙaramin hafsa a rundunar igwa. Sai aka tura shi fagen Romaniya. A watan Mayu 1917 ya yi ƙoƙarin tsallakawa wajen sojojin Romaniya cikin dare, aka kama shi. Kotun soja ta same shi da laifin gudu daga aiki da leƙen asiri, ta tuɓe masa muƙami, aka rataye shi ranar 14 ga Mayu 1917 a Ghimeș, wata mashiga a cikin duwatsu, kusa da tsohuwar iyaka. Shekararsa 25.

Liviu bai ji labarin ba sai bayan yaƙi ya ƙare. A lokacin abin da Emil ya mutu yana nema ya riga ya tabbata: ranar 1 ga Disamba 1918 babban taron Alba Iulia ya ayyana haɗewar Transilbaniya da Romaniya, yarjejeniyar Trianon ta 1920 kuma ta tabbatar da sabuwar iyaka. Da Emil ya ƙara shekara ɗaya da rabi a raye, da layin da ya mutu a kansa ya goge da kansa. A 1921 aka tono gawarsa aka sake binne ta a Palanca, a ɓangaren da yake ƙoƙarin isa.

Sunan littafin kuwa daga wani hoto ya samo asali. Rebreanu da kansa ya ba da labarin cewa a ƙarshen 1918 wani aboki ya nuna masa hoton daji a bayan sansanin Ostiriya a fagen Italiya, bishiyoyinsa ɗauke da gawarwakin Cekawa da aka rataye. Hoton ya tsaya masa a rai tun kafin ya san yadda ƙaninsa ya ƙare. Da ya sani, sai abubuwan biyu suka haɗu. Littafin ya fito a 1922, shekara biyu bayan Ion, ƙagaggen labarinsa na farko a kan manomi mai kwaɗayin gona, ya kuma sadaukar da shi ga Emil.

Mutumin da ya gwada igiya

Abin da ya burge mu shi ne Rebreanu bai rubuta waƙar yabon ƙaninsa ba. Jarumin littafin, Apostol Bologa, ba ya shigowa labarin a matsayin wanda aka zalunta. Yana shigowa ne a matsayin alƙali. An kama wani hafsa Baceke mai suna Svoboda yana ƙoƙarin tsallakawa wajen Rashawa, Bologa yana cikin kotun sojan da ta yanke masa hukuncin rataya, ya kuma amince da hukuncin da zuciya ɗaya. Har wurin ya zo yana duba ramin kabari, yana jan igiya da hannunsa don ya tabbatar za ta ɗauki nauyin mutum. A ganinsa doka ce, shi kuma mai bin doka ne.

Bologa ɗan boko ne, ya karanta falsafa a Budapest. Mahaifinsa lauya ne, yana cikin waɗanda aka ɗaure a shari'ar takardar koken 1894. Mahaifiyarsa mai riƙon addini ce, burinta ya zama limamin coci. Shi kuma ya shiga soja ba don an tilasta masa ba, sai don ya nuna wa budurwarsa Marta, wadda kakin hafsoshi ke ɗaukar wa hankali, cewa shi ma namiji ne. Ya samu lambobin yabo, ya gina wa kansa hujja cewa ƙasa ita ce gwamnati, aiki kuma aiki ne.

Abu biyu suka rushe wannan gini. Na farko idanun Svoboda a lokacin da ake sa masa igiya, waɗanda babu tsoro ko nadama a cikinsu. Na biyu wani kyaftin Baceke mai suna Klapka, wanda ya ba shi labarin dajin da ya gani cike da ratayayyu, ya kuma furta cewa shi ma ya so tsallakawa amma tsoro da tunanin iyalinsa suka riƙe shi. Ana cikin haka Bologa ya ji za a mayar da rundunarsu fagen Romaniya. Akwai wata babbar fitila ta Rashawa da ke haska sansaninsu cikin dare, an rasa yadda za a yi da ita. Bologa ya tarwatsa ta da igwa, da fatan janar zai saka masa da barinsa a wani fagen, ko'ina ne, ban da inda zai harbi mutanensa. Janar Karg ya ƙi, ya ma ɗauki roƙon a matsayin alamar cin amana.

Daga nan labarin ya bi shi ta rauni da asibiti, zuwa wani ƙauye kusa da iyaka inda aka sauke shi a gidan mai haƙa kabari. Ya rabu da Marta, ya ƙaunaci Ilona, 'yar mai gidan, yarinyar ƙauye Bahangariya. Wannan ma da gangan marubucin ya yi: wadda ta fi kowa riƙe Bologa da gaskiya ta fito ne daga ƙabilar da ake cewa abokan gaba. A ƙarshe aka sake kiransa ya zauna a kotun soja, wannan karon don a yanke wa wasu manoma Romaniyawa hukunci bisa zargin leƙen asiri. Ya san abin da ake so ya sa wa hannu. A daren ya kama hanyar iyaka, ya faɗa hannun wani hafsa da ya san shi, Varga. Klapka ya nemi ya kare shi a kotu, ya roƙe shi ya yi ƙarya ya ce ɓatan hanya ya yi, Bologa ya ƙi. Littafin ya buɗe da rataya, ya rufe da rataya.

Shekara arba'in kafin a kai shi allo

Rebreanu ya rasu ranar 1 ga Satumba 1944, kwanaki kaɗan bayan Romaniya ta juya wa Jamus baya a Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarshen 1947 aka tilasta wa Sarki Mihai sauka, 'yan kwaminisanci suka riƙe mulki gaba ɗaya, a 1948 kuma gwamnati ta mallake harkar fim. Aka gina babbar cibiyar shirya fina-finai a Buftea, arewa da Bukarest, aka kafa rumbun adana fina-finai na ƙasa a 1957. Kuɗi da kayan aiki daga gwamnati suke, haka ma izinin abin da za a faɗa.

A shekarun farko ba lokacin irin wannan littafi ba ne. Rebreanu ya riƙe shugabancin gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a zamanin gwamnatin Antonescu mai ƙawance da Jamus, don haka sababbin masu mulki ba su sake da sunansa nan take ba. Ga shi kuma labarin cike yake da neman Allah da kishin ƙabila, abubuwa biyu da koyarwar Mosko ba ta so.

Iska ta sauya a hankali. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun fice daga Romaniya a 1958. A 1963 aka daina tilasta koyon Rashanci a makarantu. A watan Afrilu 1964 jam'iyya mai mulki ƙarƙashin Gheorghe Gheorghiu-Dej ta fitar da sanarwar cewa babu wata jam'iyyar waje da za ta riƙa tsara mata hanya, a wannan shekarar kuma aka saki dubban fursunonin siyasa. Gwamnati ta fara neman goyon bayan jama'a ta hanyar tarihin ƙasa da manyan marubutanta. Labarin Baromaniye da ya ƙi harbin Baromaniye saboda wata daular waje ya zama abin da za a iya kashe wa kuɗi. A wannan ɗan sarari aka ɗauki fim ɗin a 1964. Gheorghiu-Dej ya mutu a watan Maris 1965, Nicolae Ceaușescu ya gaje shi, wata biyu bayan nan fim ɗin yana Cannes.

Liviu Ciulei, haifaffen Bukarest a 1923, ya karanta zanen gine-gine da wasan kwaikwayo. Kafin wannan ya yi fina-finai biyu, na biyun, Valurile Dunării, ya ci kyauta a bikin Karlovy Vary a 1960. Titus Popovici, marubucin ƙagaggun labarai, shi ya mai da littafin rubutun fim. Ovidiu Gologan ya riƙe kyamara, Theodor Grigoriu ya tsara kiɗa. Victor Rebengiuc, ɗan wasa mai shekara 31 a lokacin, ya fito a Bologa, Ana Széles a Ilona, Ciulei da kansa kuma ya ɗauki rawar Klapka, mutumin da ya san gaskiya amma ya zaɓi ya rayu.

Abin da allo ya ƙara, da abin da ya rage

Wanda ya karanta littafin sannan ya kalli fim zai lura an rage nauyin addini sosai. A littafi, tafiyar Bologa tafiya ce ta mutumin da ya yi imani yana yaro, ya rasa imanin, ya sake samunsa dab da mutuwa. A fim, an fi karkata ga rashin ma'anar yaƙi da yadda daula ke cin 'ya'yanta. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da jam'iyya ke duba kowane rubutu kafin a kunna kyamara.

Abin da fim ɗin ya ƙara kuwa ido ne. Laka, hazo, hanya mai tsawo da sojoji ke tafiya a kanta kamar ba za ta ƙare ba, bishiyoyi tsirara. Idon mai zanen gini yana bayyana a yadda Ciulei ke jera mutane a fili, mutum ɗaya ƙarami a gefe, sarari mai faɗi yana danne shi. Hasken fitilar Rashawa yana yawo a fuskokin sojoji kamar mai neman wanda zai tona wa asiri. Kusa da ƙarshe Ilona ta kawo wa Bologa abinci a inda ake tsare da shi, ta shimfiɗa, suka zauna kusan babu magana. A wannan wurin ba mu buƙaci fassara ba.

Mun yi ta tunanin mutanen da suka zauna a sinimomin Bukarest a 1965. A hukumance, azzalumar da ke allo tsohuwar daula ce da ta rushe tun 1918. Amma a cikin masu kallo akwai waɗanda suka fito daga kurkuku bara, akwai kuma waɗanda suka sa hannu a takardun da suka kai su can, suna cewa doka ce. Fim ɗin bai ambaci wannan ba ko sau ɗaya, ba ya ma buƙatar ya ambata.

A Cannes na 1965, inda 'yar wasa Olivia de Havilland ta shugabanci alƙalai, babbar kyauta ta tafi ga wani fim na Ingila na Richard Lester, kyautar darakta kuma ta zo wa Ciulei. A shekara mai bi, wani fim da aka yi da littafin Rebreanu, Răscoala na Mircea Mureșan, a kan boren manoma na 1907, ya samu kyautar fim na farko a wannan bikin.

Ƙofar da ta rufe

Ciulei bai sake yin wani babban fim ba. Ya koma gidan wasan kwaikwayo na Bulandra da yake shugabanta tun 1963. A 1971, bayan ziyararsa Sin da Koriya ta Arewa, Ceaușescu ya fitar da sababbin ƙa'idoji masu tsauri a kan al'adu. A 1972 Lucian Pintilie ya shirya wasan Gogol na sufeton gwamnati a Bulandra, hukuma ta ga kanta a madubi, ta hana wasan bayan an nuna shi sau uku, ta kuma cire Ciulei daga shugabanci. Daga baya ya yi aiki a ƙasashen waje, ya shugabanci gidan wasan Guthrie a Minneapolis ta Amurka daga 1980 zuwa 1985, ya rasu a Munich a 2011.

Al'adar mai da littafi fim ba ta mutu ba, domin tsohon littafi mafaka ne: darakta yana iya cewa ba ni na faɗa ba, marubucin da kuke koyarwa a makaranta ne. Mureșan ya yi Baltagul a 1969 daga littafin Mihail Sadoveanu, ya kuma yi Ion a 1980. A 1987 Stere Gulea ya fitar da Moromeții daga littafin Marin Preda na 1955, shi ma baƙi da fari, inda Rebengiuc ya fito a matsayin Ilie Moromete, magidancin ƙauye da haraji da bashi da rigimar 'ya'yan matar fari da na ta biyu suka ci gidansa, har ya sare babbar bishiyar gidansa ya sayar. Wanda ya tashi a gidan gandu zai gane wannan fim tun kafin a fassara masa.

A waɗannan shekarun kallon gida ya zama wani abu dabam a Romaniya. Daga 1985 talabijin na gwamnati ya koma awa biyu a rana a ranakun aiki, akasarinsa labarin shugaba. Jama'a suka koma ga kaset ɗin bidiyo na fina-finan Amurka da ake shigowa da su a ɓoye, a taru a falon mai na'ura a kalla har asuba. Mace ɗaya, Irina Margareta Nistor, ita ce ta ɗora murya a kan dubbansu, ita ce namiji, ita ce mace, ita ce ɗan daba. Mai kallon fassarar fina-finan Indiya da Hausa ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda murya ɗaya ke zama abokiyar hira ta gari guda.

Bayan faɗuwar Ceaușescu a Disamba 1989, ɗaruruwan sinimomin gwamnati suka yi ta rufewa har suka koma 'yan ƙalilan. Tsofaffin fina-finai suka zauna a gwangwanayensu a rumbun ƙasa da ke Jilava. Da sabon ƙarni na daraktoci ya taso, har Cristian Mungiu ya ci babbar kyautar Cannes a 2007, duniya ta koma neman sababbin fina-finan Romaniya, na da kuma suka zama sai mai naci. Wannan ne dalilin da ya sa fim mai kyautar Cannes ya fi fim ɗin dambe na bara wuyar samu.

Ga mai son nema

Abin da muka koya kaɗan ne, amma zai rage wa wani wahala. A nema da sunan asali, da alamomi da babu, da â da kuma î, a haɗa da sunan Ciulei. A fara duba Cinepub, wani dandali na Romaniya da ke ɗora fina-finan ƙasar, tsofaffi da sababbi, kyauta kuma da izini a YouTube, wasu da fassarar Ingilishi. A duba tsawon kwafin kafin a ƙona data: cikakken fim ɗin ya haura awa biyu da rabi kaɗan, duk abin da ya gaza haka sosai an yanke shi. In da hali a sauke shi da inganci mai kyau, domin hazo da duhun da Gologan ya ɗauka sukan koma dusu-dusu in an matse hoton. A kalla da dare, a kashe fitila. Mai jin Ingilishi kuma ya fara da littafin, wanda A. V. Wise ya fassara tun 1930. Wanda ya san labarin zai iya bin fim ɗin ko da fassarar ta yi rauni.

Da muka gama kallo, hirar ba ta tsaya a Romaniya ba. Wani a cikinmu ya tuna da Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, wanda Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Shekaru da yawa ana ɗaukar fim ɗin ya ɓata, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Romaniyawa, duk da talauci da mulkin kama-karya, sun ajiye nasu a rumbu tun 1957, shi ya sa muka same shi bayan 'yan kwanaki. Namu sai da aka yi sa'a. Muka shiga lissafa fina-finan kaset na Kano da aka yi da littattafai a shekarun 1990, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, muna tambayar juna a ɗakin wa asalin kaset ɗin kowannensu yake yau, kuma damina nawa ta rage kafin danshi ya gama da shi.